Saukar da Kunkuru Daga Hawa na Huɗu

Matakala tamanin da takwas ne tsakanin ƙofarsu da ƙasa. Shekara talatin da biyu Malama ta yi tana koyar da lissafi, amma wannan adadin gwiwoyinta ne suka koya mata shi, musamman ranar da ta dawo daga kasuwa da leda biyu a hannu. Mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Injiniya, rabonsa da matakalar wata goma sha huɗu ke nan, tun ranar da majiya ƙarfi huɗu suka hauro da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa ya yi nauyi. Kalma uku ko huɗu suka rage masa a baki. Sauran maganarsa da hannun hagu yake rubuta ta a wani ɗan littafi da ke rataye a jikin kekensa, rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Ɗaki uku ne gidan, amma biyu na kwamfutoci ne. Injiniya ya yi aikinsa a gyaran na'urorin asibiti, da ya yi ritaya sai ya koma tsince-tsincen tsofaffin kwamfutocin gida, irin waɗanda mutane suka jefar tun kafin a haifi jikokinsu. Yakan kawo su da tsatsa da kashin ɓera, ya wanke, ya zauna da dalma da ɗan madubinsa na ƙara girma har sai abu ya yi tari ya farka. Guda talatin da bakwai ya tara a kan kantoci, duk sun yi launin tsohon haƙori. Malama ba ta taɓa ƙin wannan ba. Takan ce gara namiji ya tsufa yana shaƙar hayaƙin dalma da ya tsufa a bakin titi yana gyara wa duniya zama.

Guda ɗaya ce matsalar, wadda suke kira Kunkuru. Akwati ce mai faɗi, mai nauyi, mai jinkiri, tana zaune a kan teburinta a kusurwar falo. Shekara goma sha biyu ke nan tana kunne, ba a kashe ta ko sau ɗaya ba. Babu komai a cikinta sai wani ɗan shiri da Injiniya ya rubuta da kansa, wanda ke nuna koren adadi a tsakiyar baƙin sikirin: kwanakin da ta yi tun da aka kunna ta. In wuta ta yanke mata ko na ƙiftawar ido, adadin ya koma sifili.

A ƙungiyarsu ta masu tara irin waɗannan kaya, al'ada ce duk Asabar ɗin farkon wata a haɗu, a sha shayi, kowa ya faɗi kwanakin tasa. Wani ya ce ɗari biyu, wani ya sunkuyar da kai ya ce tara, jika ta ja waya. Injiniya ne ke faɗin nasa a ƙarshe, kuma shekara takwas ke nan ba wanda ya ko hango ƙeyarsa. Saboda wannan adadin aka jera batura huɗu a ƙarƙashin tebur, da inbata, da ɗan janareta a baranda. In an ɗauke wuta baturan na riƙewa awa shida, daga nan sai an tayar da janareta. Wato dole kullum a sami mutum a gida. Shekara goma sha biyu ba su taɓa kwana a wani wuri su biyu tare ba. Ranar da yayar Malama ta rasu, ita kaɗai ta je. Da 'yarsu ta haihu a wani gari, karɓa-karɓa suka yi suna zuwa, kamar masu gadin banki.

Kuma ba adadin kaɗai ba ne. Duk 'yan ƙungiyar sun yi imani cewa faifan da ke cikin irin wannan na'ura, in ya shekara da shekaru yana juyawa, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Man da ke cikinsa zai daskare, allurar ta manne, ba zai ƙara tashi ba. Malama ta taɓa tambayarsu, tana zuba musu shayi, wa ya faɗa. Suka ce ai sananne ne. Ta ce ta ji sananne ne, amma a cikinsu wa ya gani da idonsa. Dogo, tsohon ma'aikacin tarho wanda tsayinsa bai wuce kafaɗarta ba, ya ce tasa ta mutu haka. Da ta matsa sai ya tuna cewa tasa ruwan sama ne ya zubo mata ta rufi. Tela, maɗinkin da ke cikinsu, ya ce wani ya gaya masa, wanin kuma a wata mujalla ya karanta. Ta ce da ɗalibinta ne ya kawo mata hujja irin wannan, da sifili za ta ba shi da jan biro. Suka yi dariya, suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta tuna musu cewa ta girmi Dogo da shekara biyu. Maganar ta tsaya a nan, imaninsu kuma yana nan yadda yake.

Bayan ciwon Injiniya gidan ya ƙara matsewa. Mai gashin ƙashi, wata yarinya mai haƙuri da ke zuwa duk Talata, ta ce ƙafar tana da sauran rai, amma tana son fili, tana son ƙasa shimfiɗaɗɗiya da rana, ba taku shida tsakanin gado da tebur ba. Ta nuna masa yadda zai iya sauka matakala a zaune, ya dafa da hannun kirki ya ja jiki, ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo littafinsa ya rubuta mata: Ni ba jariri ba ne. Tun daga ranar ba a sake tayar da zancen ba. Ya koma wuni a gaban Kunkuru, yana kallon koren adadi, yana sauraron gurnanin fankarta. Malama kuma ba ta iya barinsa fiye da awa ɗaya. Daga tagar kicin tana hango tsakar gidan da ke ƙasa, da wata bishiya, da benci da tsofaffin gidan ke zama a kai da hantsi. Wani lokaci takan tsaya da soso a hannu tana kallon bencin har ruwan wanke-wanke ya huce.

Sai ga mai gidan hayar ya hauro wata Laraba, yana haki, ya ce mutanen ƙasa sun tashi. Ɗaki uku, ƙofa tana buɗewa kai tsaye zuwa tsakar gida, matakala biyu kacal. Ya ce saboda Baba ya fara zuwa wurinsu, amma akwai wasu na jira, in ba su shiga ba zuwa ƙarshen wata zai bayar. Kwana goma sha tara suka rage.

Malama ta kai wa Injiniya maganar da murna a fuska. Ya saurara har ta gama, ya ɗauki biro ya rubuta kalma ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta: Kunkuru.

Ta yi masa bayani da lalama. Ta yi masa da lissafi, ta ce wata goma sha huɗu kwana ɗari huɗu da ashirin ne da 'yan kai, shi ma ya kafa nasa tarihin na rashin taka ƙasa, sai dai ba ƙungiyar da ke tafa masa. 'Yarsu ta kira ta waya ta yi kuka, ta ce Mama ki zare wayar kawai, me zai iya yi. Malama ta ce abin da ya sa ba za ta zare ba ke nan, don ba abin da zai iya yi. Mutumin da aka ƙwace wa hannu da ƙafa da baki, abu ɗaya ya rage da yake cewa a'a a kansa a kuma ji. Sau biyu ta tsaya a gaban soket ɗin da tsintsiya a hannu, ta ga yadda zai yi sauƙi a ce kuskure ne. Ta share gefensa ta wuce.

A rana ta biyar ta ajiye masa shayi ta zauna a gabansa.

"Injiniya, in aka sauke ta tana kunne fa? Ba a kashe ba, ba a zare komai ba. Za ka sauka?"

Ya daɗe yana kallonta. Rabin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya rubuta: Kira Dogo.

Abin da ya biyo baya ya fi kama da shirin yi wa sarki tiyata. Dogo da Tela suka tare a gidan kusan kullum. Faifai mai juyawa ba ya son girgiza, ba ya son karkata, don haka sai an ɗauke ta a kwance a kan katako, a shimfiɗa mata soso. Tela ya zo da tef ɗinsa na awo a wuya, ya auna faɗin matakala, ya auna kowace kwana inda matakalar ke juyawa, guda bakwai, ya rubuta a bayan hannunsa kamar zai ɗinka wa benen riga. Aka yanko katako daidai, ya rage yatsa uku ta kowane gefe. Dogo ya haɗa wayar da za a mayar da Kunkuru kan batir ɗaya da ƙaramar inbata ba tare da wuta ta yanke ba. Sau uku suka gwada sauka da katakon, an ɗora masa bulo biyu da kofi cike da ruwa, har sai da suka kai ƙasa ruwan bai zube ba. Injiniya yana zaune a kekensa yana ba da umarni da biro. Malama ta lura ya fara cinye abincinsa, kuma ya cika littafi guda cikin mako ɗaya. Ta lura kuma cewa a duk takardun shirin, da zane-zanensu da kibiyoyinsu, ba inda aka rubuta yadda za a sauko da shi kansa. Da ta tambaya, Tela ya ce ai wannan mai sauƙi ne, 'yan dako za su ɗauke shi. Mutum ai ba ya lalacewa don an ɗan karkata shi.

Ranar Asabar, kwana biyu kafin wa'adin, 'yan dako biyu suka zo tun da sassafe. Zuwa hantsi sun sauke gadaje da kujeru da kwamfutoci talatin da shida, suna tambayar juna ko tsohon yana sayar da kayan gwangwan ne. Falo ya zama fanko, sai teburin Kunkuru da gurnaninta da ke amsa-kuwwa a bango. Koren adadin ya nuna dubu huɗu da ɗari uku da casa'in da ɗaya. Dogo ya ɗauki hotonsa, sannan aka zare sikirin ɗin aka sauke shi, tunda shi cire shi ba ya taɓa ƙirgen. Daga nan ba mai sanin tana raye sai ta gurnani da wata 'yar koriyar fitila a goshinta.

Aka ce a fara sauke Injiniya. 'Yan dakon suka ɗaga shi da kekensa, ɗaya gaba ɗaya baya, Malama tana biye da matashin kai da littafinsa. Suka wuce kwanar matakala har shida lafiya. A ta bakwai, ta ƙarshe, inda matakala goma sha ɗaya kawai suka rage kuma hasken ƙofar waje yana faɗowa a kan siminti, Injiniya ya miƙa hannun hagu ya damƙe ƙarfen gefen matakala. Suka ja, ya ƙi saki. Ya nuna sama da haɓa. Malama ta gane: daga nan zai iya ganin saukowar Kunkuru, daga ƙasa kuwa bango zai tare masa. Ta ce masa ya bari a ƙarasa da shi, ya ƙara damƙewa. Daidai lokacin muryar Dogo ta gangaro daga sama, yana cewa an mayar da ita kan batir, a zo a kama, ba a jira. 'Yan dakon suka dire keken a kwanar, suka ce minti biyu Mama, suka haura da gudu.

Sun fi minti ashirin. Malama tana tsaye a bayan keken tana jin saukowarsu tun daga nesa, Dogo yana ƙirga taku, Tela yana cewa a hankali, a hankali, kai ɗan samari kar ka ja wayar. Sannan suka bayyana a saman matakalar da ke fuskantarsu. Tela ne a gaba, yana saukowa da baya, katakon a ƙirjinsa. Dogo yana riƙe da ɗaya ƙarshen daga sama, ya sunkuya har ya kusa ninkewa don katakon ya daidaita. A bayansa ɗan dako ɗaya da batir a kafaɗa, ɗayan rungume da inbata, gajeriyar waya ta ɗaure su duka kamar awakin da za a kai kasuwa. Kunkuru tana tsakiya a kan sosonta, fitilarta tana ci. Injiniya ya saki ƙarfen, idonsa ya cika da ruwa.

Tela ya sauko, ya sauko, sai bayansa ya daki ƙafar keken.

Ya waiga. Ya dubi keken, ya dubi kwanar, ya dubi bayan hannunsa inda awon yake. Awon daidai ne. Kwanar ya auna ba kowa a cikinta.

Katakon ba zai juya ba sai kwanar ta zama fanko. Keken ba zai sauka ba sai da mutum biyu masu ƙarfi, su kuma suna can sama, katakon ya cike matakalar daga bango zuwa ƙarfe, ko kyanwa ba za ta wuce ba. Dire katakon a kan matakala yana nufin karkata shi. Komawa sama kuwa, Dogo ya ce ko da za a ba shi benen kyauta ba zai iya ɗaga ƙafa ba. Malama ta leƙa ƙasa ta yi sallama, ta ƙara yi da ƙarfi. Tsakar gidan ba kowa sai wata tsohuwa a kan benci da ba ta ji sosai, wadda ta ɗago hannu ta amsa gaisuwa.

Suka tsaya haka. Wurin ya yi zafi, yana warin gumi da tsohuwar ƙura. Ɗan dakon da ke da batir ya ce Baba, wannan abin fa ba auduga ba ne. Dogo ya ce masa ya rufe baki ya riƙe, abin da ke kan katakon nan ya girme shi. Tela ne ya tsorata Malama. Shekararsa saba'in da ɗaya, an taɓa yi masa aiki a zuciya. Tana ganin jijiyoyin wuyansa, tana ganin gwiwar hannunsa tana rawa, rawar tana bin katako har soson yana motsi.

"Tela, ajiye ta," in ji Malama. "Ajiye, ko ta karkata. Ba za a yi jana'iza saboda akwati ba."

"Malama, ba tawa ba ce," ya ce da ƙyar. "Sai mai ita ya ce."

Duk suka dubi Injiniya. Malama ta miƙa masa littafin da biro. Ta riga ta san abu biyu ne zai iya rubutawa, a ajiye ko a riƙe, kuma ta san kowanne ya rubuta akwai abin da zai mutu a wurin nan. Bai karɓi littafin ba. Ya dubi Kunkuru, ya dubi fuskar Tela, sannan ya juya ya dubi matakala goma sha ɗayan da ke gangarawa zuwa haske. Ya sa hannu ya ɗaga abin taka ƙafar keken. Ya kama ƙarfen gefe, ya ja jikinsa gaba, ya fara zamewa.

Malama ta jefar da matashin ta tare shi ta hammata. Nauyinsa ya kusa kayar da su duka, gwiwarta ta yi ƙara, amma ya isa kan siminti a zaune. Ta ja keken ta naɗe shi, ta tura shi ya gangara ƙasa da kansa yana ƙarar ƙarfe. Ta sauka matakala biyu ta juyo ta fuskance shi, ta ɗaga matacciyar ƙafar da hannu biyu ta ajiye a matakala ta gaba, yadda ta ga mai gashin ƙashi ta nuna wata goma da suka wuce. Ya dafa da hagu, ya ɗaga, ya sauke mazaunai. Ɗaya.

Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida da kaya marasa guga ba, ga shi yana jan gindi a kan siminti mai datti a gaban 'yan dako, wandonsa yana tattarewa, miyau yana zubo masa ta gefen bakin da ba ya ji. A ta huɗu ya tsaya yana numfashi, kansa a kan kafaɗarta. A lokacin ne ta ji ɗan dakon sama ya gyara batir a kafaɗa, ta kuma ji wani ɗan ƙaramin kuka, ƙit, kamar na ɗan tsako. Ta ɗaga ido ta ga Dogo da Tela sun dubi juna ta saman katakon, sannan kowa ya kawar da kai. Injiniya bai ji ba, numfashinsa ya cika masa kunne.

"Saura bakwai," ta ce masa. "Yi, suna jiranka."

Ya yi. A bayansa katakon ya shigo kwanar ya juya, yatsa uku ta kowane gefe, yadda Tela ya auna. Haka suka isa ƙasa, tsoho a gaba yana jan jiki, matarsa tana ja da baya riƙe da ƙafarsa, Kunkuru tana biye a kan kafaɗun masu hidimarta. Tsohuwar kan benci ta taso ta zo tana kallo, ta tambaya ko wani ne ya rasu.

A sabon falon aka ɗora ta a tebur, aka mayar da ita kan manyan batura. Tela ya zube a ƙasa ya jingina da bango, Malama ta ba shi ruwa da ƙwayar maganinsa. 'Yan dako suka mayar da Injiniya kan keke, ta goge masa baki, ta gyara masa wando. Dogo ya ɗauki wayar sikirin yana jujjuya ta a hannu, ya ce ai ba sauri, a bari na'urar ta huta, gobe ma rana ce. Ya matso kusa da Malama ya yi ƙasa da murya, ya ce in ta fitar da Injiniya tsakar gida na minti goma, shi ya san yadda zai taɓa shirin adadin ya dawo yadda yake, ba wanda zai sani.

Ta dube shi. Ta yi tunanin abin da gaske, don ba ƙaramin tayi ba ne. Sannan ta tuna batura, da janareta, da awa shida, da wasu shekaru goma sha biyun.

"Dogo, ban taɓa ƙara wa ɗalibi maki ba," ta ce. "Haɗa wayar."

Ya haɗa. Sikirin ya yi ɗumi a hankali, koren ya fito. Sifili.

Injiniya ya kalle shi. Malama ta tsaya a gefensa, hannunta a kan kafaɗarsa mai ji, tana jiran abin da zai biyo baya. Dogo ya fara bayani, wai wayar ce ta ɗan motsa a kwanar ƙarshe, laifin yaron nan ne, a'a laifinsa ne shi da bai ɗaure ta da kyau ba. Injiniya ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya kara kunne kusa da akwatin. Fanka tana gurnani. A ƙarƙashin gurnanin kuma faifan yana juyawa, lafiya lau, faifan da aka ce in ya tsaya ya tsaya ke nan. Wuta ta yanke masa a kan matakala, ya tsaya, ya tashi da kansa, ba wanda ya roƙe shi.

Ya miƙa hannu bayan akwatin, inda babban jan makunni yake, wanda ƙura ta shekara goma sha biyu ta toshe gefensa. Tela ya ce Injiniya, daga zaune. Injiniya ya danna.

Shirun ya ba Malama mamaki. Ta manta cewa gida yana iya yin shiru haka. Ta ji tsuntsaye a bishiyar waje, ta ji wani yana wanke bokiti. Injiniya ya bari har faifan ya gama tsayawa, ya ƙara jira, leɓensa yana motsi, ta gane ƙirga yake yi har sittin. Ya sake dannawa. Ƙit. Gurnani. Kore. Sifili. Ya kashe, ya jira, ya kunna. Kunkuru ta tashi. Sau huɗu ya yi haka, a na huɗun wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ba ta iya cewa dariya ce ko kuka ba, kuma ba ta tambaya ba.

Ya nemi littafinsa. Ya daɗe yana rubutu, ya juya shi ga Dogo da Tela. Kalma uku ne: Wa ya faɗa?

Dogo ya sosa ƙeya ya ce ai sananne ne. Tela ya ce wataƙila wannan ce ta fita daban, ba a gina hukunci a kan guda ɗaya. Malama ta buɗe baki, maganar tana kan harshenta, da yayarta a ciki, da haihuwar jikarta, da duk hantsin da ta tsaya a tagar kicin. Ta ga ba wanda za ta miƙa wa su ya mayar mata. Ta rufe bakin.

Injiniya ya kashe Kunkuru, wannan karon bai sake kunnawa ba. Ya zauna yana kallon baƙin gilashin, inda ba komai sai inuwar wani tsoho a kan keke da buɗaɗɗiyar ƙofa a bayansa. Malama ta kama keken ta juya shi. A bakin ƙofa ta tsaya, saboda matakala biyun nan. 'Yan dakon sun riga sun tafi, Dogo da Tela kuwa ko kofi ba za su iya ɗagawa ba. Benci yana can ƙarƙashin bishiya, taku ashirin, rabinsa a rana.

"To," ta ce, "ni dai ba zan iya ɗaga ka ba."

Ya dubi matakalar, ya dubi wandonsa da ya riga ya yi datti. Ya sa hannu ya ɗaga abin taka ƙafar.